Ruwa a Ɗakin Kirgin Maccido

"Lafiya lau, angona. Ina gajiyar iyo?"

"Gajiya ta bi lafiya, amma yau ba ni gaisawa da ke. Kauce mani daga gaba, kina tare ma fatuna rana."

Maccido ke nan, tsohon baduku na Ƙofar Atiku, shi da jikanyatai Wasila, malamar firamare, ɗiyar ɗanai Abdulrasheed. Safiyar Asabar ta. Tsakar gida duk an ɗaure igiyoyi, kuma ba tufafi anka shanya ba, kirgi na, jan fatar akuyar nan jemammiya da tsohon ke ɗinka jaka da matashin zama da ita. Guda goma sha huɗu, kowace ta sha ruwa ta yi taswira.

Ga abin da yaf faru. Jiya Juma'a matan gida suna wurin suna a maƙwabta, Maccido shina masallaci, sai anka kawo ruwan famfo bayan kwana shida ba ko ɗigo. Ruwa yac cika cikin injin wankin Wasila, yab biyo ta tiyon da ke fidda ruwan dauɗa, yash shige ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya, inda kirgin ke jibge a ƙasa. Injin irin mai ciki biyun nan na, bai san ƙoshi ba. In an buɗe mai famfo, sha kawai shike har shi amayar.

Tun jiya Maccido yac ce injin ba shi kai azahar a gidanai. Ya sa an jawo shi tsakar gida, ya ɗaure shi da igiya kamar ragon da za a kai kara, kasuwar dabbobi, ya aika ma Jalaluddeen mai keke napep shi zo shi kwashe shi zuwa Sabon Gari a rabu da shi. Abdulrasheed ba shi gari, ko da shina nan ba shi tada maganar ubanai. In kuwa injin yaf fita, wankin mutum goma sha ɗaya ya koma hannun Wasila ke nan kowace Asabar, daga hantsi har la'asar.

Wasila taj jawo kujera 'yar tsugune taz zauna dab da injin, tana shafa shi.

"Ka ɗaure mani bawan Allah tun da safe. Mi yay yi maka?"

"Mi yay yi mani? Dubi bisa kanki. Fata goma sha huɗu, tun daga majema nike lallaɓarsu, ko yayyafi ban bari shi taɓa su ba. Wannan tulun na roba yaz zo yay yi musu wankan gawa."

"Ai sun daɗe suna son wankan. Ɗakin nan in an buɗe shi har kajin gida gudu suke."

"Warin arziki na. Da shi anka yi renon ubanki, da shi anka saya maki allon farko. Ke kuwa da kinka girma sai kinka kawo mani abin da ke fitsari a tsakar gida."

"Kai ma mun yi haƙuri da kai shekara tamanin, ba mu kira mai keke ba."

"Saba'in da takwas."

"Bara ma haka kac ce."

"Na sake ki."

"Na takwas ke nan a makon ga. Kuma kullum kai ke biko, in ka ji ƙamshin kunun gyaɗa."

Maccido yag gyara zama bisa buzunai, yaɗ ɗora sandatai a cinya, yah haɗe fuska. Haɗe fuskar kuwa da dalili, don akwai abu guda da bai gaya ma kowa ba. Shi yab buɗe famfon.

Ka san halin mutanen da famfo ya saba yi ma rowa. In an ɗauke ruwa, sai a bar famfo a buɗe, don in ya dawo a ji ƙararshi a ruga da bokitai. Shekara da shekaru Maccido na mai jin ruwa a gidan ga. Shi ke fara cewa "ga shi nan," mata su fito. To, shekara biyun nan kunne ya fara yi mai nauyi. Famfon tsakar gida shina can wajen madafa, in ruwa na zuba ba shi ji daga zaure. Ran nan sai yag gano cewa in ruwa na faɗawa cikin injin nan babu kaya, ƙara shike kamar ana dukan ganga, kuma injin shina nan kusa da zaure. Tun daga ranar, in mutane sun watse, sai shi saɗaɗa shi maƙala tiyo a famfon da ke kusa da injin, shi buɗe, shi koma ɗinkinai. Da ya ji "dum-dum-dum" sai shi rufe, shi cire tiyon, shi yi kira da babbar murya. Sau biyar abin na yi mai kyau. Jiya yab buɗe, anka yi kiran salla, yam manta.

"Kaka," in ji Wasila, "tambaya guda nike da ita. Injin ga ba shi da hannu. Wa yab buɗe mai famfo?"

"Ni kike tambaya? Ni nis sayo shi?"

"Ni dai na san in na gama wanki, rufe famfo nike, in cire tiyo, in rataye shi a ƙusa. Ran Asabar da taw wuce haka niy yi. Uwargidanka Inna Zulaihatu shaida ta."

"To aljani na. Irin abubuwan ga da ake ƙerawa a ƙasashen da ba su bisimilla, kowane da aljaninai a ciki. Ƙishirwa tak kama shi yam miƙo hannu."

"Aljani."

"Shi fa. Na taɓa ganin irinai a gulbin Rima, shekarar da niw wanke fata arba'in da hannu guda, ɗaya hannun ina riƙe da bakin kada."

"Wancan karon fata talatin kac ce, kuma kadan ƙafarka yar riƙe."

"Kada biyu na. Ke ba ki sauraren magana har ƙarshe."

Wasila tas sa hannu a aljihun jakarta, taf fiddo wani ɗan siririn zaren fata, tam miƙa shi sama tana juyawa a rana.

"Aljanin naka baduku na, Kaka. Da wannan yaɗ ɗaure tiyon a bakin famfo. Dubi ƙullin. Sau biyu a naɗe, a soke ta ƙasa, a ja. A duk Ƙofar Atiku mutum guda na sani mai wannan ƙulli, shi yaɗ ɗaure mani takalmina da shi ranar da anka kai ni makaranta."

Maccido ko gira bai motsa ba.

"Aljanu suna koyon sana'a. Shekara nawa suna zaune a zauren ga suna kallona?"

"Har da rinin ma sun koya? Kan famfon ja wur shike da karan dafi. Miƙo hannunka in gani."

Tsohon yat tura hannuwanai cikin riga.

"Ba ni nuna ma matar da nis saka hannuna."

"To bari in kira Inna ta duba mani, ita ba ka sake ta ba."

"Zauna nan. Wa yac ce ki tada mutane suna aikinsu? Kuma tunda shari'a kike so, bari in yi maki tawa tambayar. Ruwan da yac cika injin, don mi bai bi rariya yaf fita waje ba? Wa yaj juya bakin tiyon fidda ruwa yana kallon ƙofar ɗakina, kamar bindiga?"

Nan Wasila tas sosa bayan kunne. Maccido yag ga ya taka wuri mai taushi, sai yad danna.

"Malama ta yi shiru. Malamar da ke koya ma ɗiyan mutane lissafi, ba ta iya auna tsawon tiyo ba."

"Tiyon gajere na," tac ce. "Ba shi kai rariya. In ina wanki bokiti nike tarawa. Silas mai gyaran famfo ya gaya mani tun ranar da yah haɗa injin, yac ce in sayo dogo a ja shi har bakin rariya a danne shi da dutse, kuma in riƙa duba shi don zafin garin ga na tsattsaga roba. Nic ce sai an yi hutu."

"An yi hutu nawa tun lokacin?"

"Biyu."

"Biyu. To kin ji. Ki rubuta a allo, ki kai ma 'yan ajinku."

"Na ɗauki nawa. Amma kai wa yac ce ka jibge kirgi a ƙasa tsirara? Ko katako biyu ba ka iya sa musu a ƙarƙashi?"

"Ubana a ƙasa yaj jibge su, kakana ma haka."

"Su ba su da famfo."

"Ba su da jika mai baki kuma. Shi ya sa sunka yi tsawon rai."

Wasila tay yi dariya har tana riƙe ciki. Shi kuwa yad dake, don in yay yi dariya yanzu ya san shari'a ta ƙare. Yad duba rana, ta fara hawa katanga. Jalaluddeen ya ce da ya sauke fasinjan Sama Road zai biyo. Tsohon yana son shi zo da wuri a kwashe abin ga, magana ta mutu, kowa shi ci gaba da cewa injin yay yi ɓarna. Sai dai idonai yak kai ga hannuwan yarinyar bisa murfin injin. Ya san yadda suke kafin a kawo shi, duk tsaga, in ta kawo mai kunu ran Lahadi da gefen tafin hannu take riƙe kwano. Yak kau da kai.

"Injin dai sai ya tafi," yac ce. "Gidana na. Ko da ni nib buɗe, ban ce ni na ba, amma ko da ni na, famfona na, in na so in buɗe shi da tsakar rana in yi rawa a ƙarƙashi."

"Ba wanda yah hana ka rawa. Dalili nike nema. Mutumin da ko butar alwala yag ga tana ɗiga sai ya yi wa gida huɗuba, mi zai kai shi buɗe ruwa cikin injin da babu kaya?"

"Ki tambayi aljanin."

Wasila tad dube shi ɗan lokaci. Sannan tat tashi, taz zagaya bayanai kamar za ta gyara wata fata bisa igiya. Maccido yaj ji shiru. Yaj jira, yaj ji shirun ya yi yawa, sai yaw waiga.

"Mi kike yi nan baya kamar ɓarauniya?"

"Magana niy yi maka. Sau biyu."

"Ba ki yi ba."

"Nic ce kilishin da kab ɓoye cikin tsohuwar jakar sirdi, ni nic cinye shi ran Laraba."

"Ke kinka ci?" Yaɗ ɗaga sanda, sannan hannun yat tsaya a sama. Ya gane abin da tay yi mai.

Wasila tad dawo gabanai, wannan karon ba bisa kujera ba, tad durƙusa kusa da kunnenai na dama, don kar matan da ke madafa su ji.

"Na daɗe da lura, Kaka. Rediyonka har maƙwabta ke sauraren labarai da shi. Jiya da nig ga ƙullin nan sai nit tuna, duk kwanan ga kai ke fara jin ruwa, kuma duk ranar da kaj ji shi sai in iske cikin injina da lema."

"Kunnena lafiyatai lau. Ina nan zaune nike jin tafiyar tururuwa a Wamakko."

"Na yarda. Ta Wamakko kake ji, ta bayanka ta ke ba ka wahala."

"Marar kunya. Wa zai aure ki da wannan baki?"

"Kai. Ai kullum kai ke dawowa."

Maccido yas sauke sanda. Abin da ke cinai ba fatun ba na kaɗai. In aka ce mai jin ruwa ya daina ji, gobe wata jikar za ta fara cewa "ga shi nan," jibi a fara yi mai magana da hannu kamar baƙo. Bai faɗi wannan ba. Abin da yac ce shi na:

"Ko mi za ki ce, ba ni zama gida guda da abin da ya fi ni ƙara."

"To tsaya in nuna maka wanda ya fi ku ku biyun."

Tash shiga madafa, taf fito da wani tsohon daron ƙarfe wanda gindinai ya ɓule, tun na auren Inna Zulaihatu. Tak kai shi ƙarƙashin famfon tsakar gida, tak kifa shi, taɗ ɗora gefenai bisa ɗan dutse. Sannan taɗ ɗauki buta, taɗ ɗaga ta daidai bakin famfo, tat tsiyaya.

Kai, ƙarar da tat tashi, sai ka ce maƙera sun buɗe kasuwa. Kaji sunka watse. Inna Zulaihatu tal leƙo da muciya a hannu tana tambayar wa ke rushe gida. Maccido da ke can kusa da zaure sai da kafaɗatai tam motsa.

"Ka ji ko in ƙara?" in ji Wasila daga can.

"Kurma ma ya ji. Bari, za ki kashe mani kaji."

Tad dawo tana share hannu.

"Wancan famfon bakin rariya shike. Ko ka manta shi a buɗe, ruwa waje zai bi, ba ɗakin kowa ba. Amma in za ka masallaci ka rufe shi, ruwan ma ba a banza ake samunai ba. Ka bar mani famfon injina."

"Daron ɓulalle na."

"Kai ma haƙoranka huɗu, muna amfani da kai."

"Biyar."

"Buɗe in ƙirga."

Yana shirin ba ta amsa sai ga ƙarar keke a ƙofar gida, sai sallama daga zaure. Jalaluddeen na, mutum mai iyali, mai ladabi, ya tsaya daga bakin ƙofa yana gaishe da tsoho.

"Baba, ga ni. Wannan na kayan? Bari in kira wani mu kama."

Wasila tad dubi kakanta. Tad dunƙule zaren fatar nan a tafin hannunta, tam maida shi jaka, tat tsaya gefe tana kallon ƙasa. Maccido ya ga lokacin da tab ɓoye shi. Kalma guda za ta faɗa gaban baƙo da gaban Inna, ta gama da shi, amma ba ta faɗa ba.

Jalaluddeen ya kama igiyar da anka ɗaure injin da ita, yana gwada nauyi.

"Kai, Jalalu," in ji Maccido, "wa yac ce ka taɓa shi?"

"Ba shi za a kai Sabon Gari ba, Baba?"

"Ka taɓa ganin an kai ɗan gida kasuwa don ya yi fitsarin kwance sau guda? Waccan za ka ɗauka." Yan nuna Wasila da sanda. "Ka kai ta Sabon Gari ta sayo tiyo dogo, wanda zai kai rariya har shi leƙa waje. Kar ka bari ta auna da ido, ba ta iya ba. Ku biya ku ɗauko Silas shi zo shi haɗa da hannunai. In kun ga katako mai kauri guda huɗu ku haɗo da shi, fatuna sun gaji da kwanan ƙasa."

Jalaluddeen yad dubi tsoho, yad dubi Wasila, yas saki igiya yac ce to, yana waje.

Wasila tag gyara mayafi, tana ƙoƙarin danne murmushi.

"Aljanin fa, Kaka? In na fita ya sake jin ƙishirwa?"

Maccido yaj jingine sandatai. Yam miƙa hannu yaj jawo fatar da ta fi kowace lalacewa daga igiya, yaf fiddo wuƙar aiki daga aljihu, yay yanko wani yanki kamar tafin hannu. Kafin ta gama sa takalmi ya huda gefe, ya zura zare, ya mai da shi 'yar hula. Yam miƙa mata.

"Ungo. In kin gama wanki ki rufe famfon, ki sa mai wannan a kai, ki ƙulle. Duk hannun da yaz zo yaj ji fata, zai tuna. Ki gaya ma injinki aljanin ya tuba."

"Da wane ƙulli zan ɗaure?"

"Sau biyu a naɗe, a soke ta ƙasa, a ja. Ko shi ma sai na rubuta maki a allo?"

Nan dariyar da yad danne tun safe tak ƙwace mai, har haƙoran sunka fito fili. Wasila tad duƙa tal leƙa.

"Huɗu na, Kaka."

"Na biyar ɗin kunyar baƙi shike ji. Tafi, mai keke na jira." Sannan yac cire babbar rigar da yak kwashi ruwa da ita jiya, duk jan rini da laka, yaj jefa ta bisa murfin injin. "In kin dawo ki fara da wannan. In ya yage mani ita, saki na tara."

"In kuwa ta fita fes?"

"Sai ki biya ni kilishina da kunun gyaɗa, in maida ke."